Katangar Da Cindo Magini Ya Gina Don Ta Faɗi

Ku matso ku ji labarin Cindo magini, mutumin da ya shiga cikin ganyen gwanda da ƙafafunsa, ya fito ta diddigen matarsa. Wanda ya ga ba zai iya yarda ba, ya ja tabarmarsa gefe ya ba masu ji wuri.

A garin Tudun Makuba babu maginin ƙasa kamar Cindo. Da yatsu shida aka haife shi a hannun dama, har ana cewa na shidan ne ke ɗanɗana masa ƙasa. In ya damƙi cuɗi, wato kwaɓaɓɓiyar ƙasar gini, ya ce bai yi ba, to bai yi ba, ko mai gini zai yi kuka. Shekara talatin da huɗu yana ɗora tubali, katangarsa ko ɗaya ba ta taɓa faɗuwa ba, kuma ya sha rantsuwa a gaban jama'a cewa ranar da hannunsa ya yi ginin ha'inci, ranar ya bar sana'a. Aibinsa guda ne, amma babba: in ya shiga gari, katanga yake gaisarwa kafin mutane. Gida mai katanga mai kyau, a wurinsa mutanen kirki ne a ciki, ko da kuwa ɓarayin awaki ne. Gida marar katanga kuwa ko kallo bai ishe shi ba.

Matarsa Tabawa ita ke kai masa abinci wurin aiki da ƙafarta, tun suna ango da amarya har furfura ta fito musu. Ran nan tana tafe da akushi a ka, ƙaya ta soke ta a diddigen hagu. Ta zare ta jefar, ta ƙarasa, ba ta gaya wa kowa ba. Kwana uku ƙafa ta kumbura har ƙwauri. A asibiti likita ya ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga, irin waɗanda ake kira bakteriya. Aka yi ta allura, ƙafa sai gaba take yi. Ranar da aka cika kwana bakwai likita ya ja Cindo gefe ya ce, “Baba, gobe da safe in kumburin bai sauka ba, sai mun yanke daga gwiwa. In ba haka ba har ranta zai tafi da shi.”

Tabawa ta ce ta ji, amma wunin da ya rage mata da ƙafa biyu a ɗakinta za ta yi shi. Aka mai da ita gida, ta sa aka tsinko mata ɗanyen ganyen gwanda ta ɗaura a kan ciwon don ta ji sanyi. Cindo ya kasa kallonta. Da hantsi ya fita kamar wanda aka kora, bai tsaya ko'ina ba sai wurin ginin da ya bari. Can gindin katanga ya ga akushin da ta kawo masa ranar ƙaya, a rufe yadda ta ajiye shi, aiki ya ɗauke masa hankali bai ci ba. Tausayinta ya kama shi. Ya durƙusa ya buɗe.

Tuwon ya yi funfuna, shuɗi-shuɗi, kore-kore. Sai funfunar nan ta motsa, ta taru, ta miƙe tsaye. Ga wata 'yar tsohuwa tsawon ɗan yatsa, da zane shuɗi da fari, tana karkaɗe jikinta.

“Amincin Allah ya tabbata a gare ka, ya kai ɗan Adam. Ni ce Tsohuwa Funfuna. Kwana bakwai ni da jikokina muna cin girkin matarka, kuma ba mu taɓa cin tuwon da aka tuƙa da so irin wannan ba. Me ya sa idonka ya yi ja?”

Cindo ya yi salati, ya ja da baya, amma baƙin ciki ya fi ƙarfin tsoro. Ya ce, “Iya, ƙafar mai tuwon za a yanke gobe.”

Tsohuwa ta ce, “Na sani. Maganin da ke cikin allurar likitanku daga gidanmu aka samo asalinsa, kuma magani ne na gaske. Kumburi ne ya toshe hanya, ya kasa isa inda abokan gaba suke. Mai kai shi ake nema, kuma sai magini, domin ba ya sara, ba ya suka, cuɗi yake ɓatawa. Za ka je?”

“Ko cikin wuta ne.”

Ta miƙa masa wata 'yar gora. “To, riƙe abu biyu. Ƙasashe uku za ka ratsa, kowacce da irin gidajenta. Likitocinku ƙwayar halitta suke ce wa kowane gida. Kada ka yanke wa gida hukunci sai ka ga cikinsa. Wanda ka samu littafinsa a killace cikin ɗaki, ka bar shi lafiya. Wanda ka samu littafinsa yashe a tsakar gida, shi ne abokin gabarka. Na biyu, garin da ke cikin gorar nan, ka zuba a cuɗinsu ka juya da sanda. Kada ya taɓa fatarka. In ya taɓa, duk ƙasar da hannun ya cuɗa ba za ta ƙara kamawa ba har ka koma ga Allah.”

Kafin ya ce wani abu ta hura masa iska a fuska. Nan take ya ƙanƙance, katanga ta yi sama, akushi ya zama dutse, tururuwa ta wuce ta kansa da ƙarar da ta fi ta jirgi. Iska ta sure shi, ta bi da shi ta kan rufin gidaje, ta shiga tagar Tabawa inda rana ke haska ƙafar, ta dire shi a ƙarƙashin ganyen gwanda.

Ya tarar da ƙofar gari, amma ba ƙyaure. Wasu ƙatti biyu ne masu siffar wake, sun haɗa kai da ƙafa. In sun sha ruwa suka kumbura sai su lanƙwashe, ƙofa ta buɗe a tsakaninsu. In sun ji ƙishi sai su saki jiki, ta rufe.

“Tsaya nan!” in ji na dama. “Iska kaɗai ke shiga ƙofar nan. Kai iska ne?”

Cindo ya ce, “A'a, ranka ya daɗe, amma ita ta kawo ni.”

Na hagu ya shinshina gorar, ya ce, “Ɗan aiken Tsohuwa ne. Yi maza, tun safe aka tsinko mu daga uwarmu bishiya, ƙishi ya fara kama mu.” Ƙofa ta soma tsukewa. Cindo ya yi tsalle ya faɗa, har ta cije masa gefen riga.

Da ya ɗaga kai, sai ya manta da numfashi. Haske kore ya cika ko'ina. Gidaje ne jere bisa jere, sama da ƙasa, katanga manne da katanga, kowanne da kusurwoyinsa a tsaye cak. Ya ruga ya dafa katanga ɗaya da ɗan yatsansa na shida. Ba ƙasa ba ce, ba dutse ba. Zare ne, siriri mai ƙarfi irin na auduga, an shimfiɗa wannan a tsaye, an ɗora wancan a kwance, sau ba adadi. A jikin kowace katanga ga 'yan ƙananan kafofi da maƙwabta ke miƙa wa juna abinci da saƙo. Cindo ya ce, “Tsarki ya tabbata ga wanda ya koya muku! Wallahi ni ban taɓa gini ba, wasan ƙasa nake yi.”

“Madalla da baƙo mai ido,” in ji wata murya. Wata doguwar mace ce cikin koren lulluɓi. “Ni ce Magajiyar Birnin Kore. Shigo ka ga ciki, tunda waje ya ishe ka haka.”

Ciki ya fi waje ban mamaki. A tsakiyar gidan wata ƙatuwar randa ce ta fata, cike fal da ruwa, ta kusa cinye gidan duka, ta ture komai zuwa jikin bango. A gefe-gefe wasu korayen murahu ne suke zagaye gidan a hankali, suna bin inda rana ta fi ƙarfi. Ba itace, ba hayaƙi, ba mai fifita. Sukan ɗebi hasken rana da iska da ruwa, sai ga zaƙi yana fitowa dunƙule-dunƙule. Cindo ya tuna shekarun da Tabawa ta yi hayaƙi yana cin idonta, ya girgiza kai. Can a lungu kuma ga wani ɗaki zagayayye mai bango biyu, a ciki littafin gidan yana naɗe, inda aka rubuta yadda ake zama gwanda tun daga saiwa har 'ya'ya.

Magajiya ta ce, “Ba a ratsa garinmu sai an amsa tambaya. In ka faɗi sau biyu, za ka zauna cikin bango har ganyen ya bushe da kai. Ya kai magini, me ya tsai da garin nan?”

Cindo ya yi dariya. Wannan ma tambaya ce? “Katanga, ranki ya daɗe.”

Ƙasa ta girgiza, zare ya fito daga bango ya naɗe masa ƙafa har gwiwa. Magajiya ta nuna masa wata unguwa can bakin gari, inda ƙishi ya fara isa. Katangunsu lafiya lau, ko tsaga babu, amma sun yi laƙwas, rufi ya sunkuyo. Cindo ya zura ido, ya ga randunansu sun motse. Ya juyo ya dafa bangon da ke kusa da shi, ya ji yadda ruwa ke tokare shi daga ciki. Kunya ta kama shi.

“Na yi gaggawa. Ruwan ciki ke turawa, katanga tana tarewa. In babu ruwan, katanga ta kwanta. In babu katangar, ruwan ya fasa gidan.”

Zare ya sake shi. Magajiya ta ba shi dunƙulen zaƙi ɗaya, ta ce guzuri ne. “Ka ga dai abin da ke ciki ne ya tsai da na waje. Allah ya sa ka riƙe.” Ta sa shi a hanyar ruwa da ta ratsa tsakiyar gari, ruwa ya kwashe shi yana juyi da shi, ya watso shi ta bakin ganyen, ya faɗa wani kwari mai zurfi. To, kuna tsammani ya riƙe? Ina! Ku dai saurara.

Ƙasa ta biyu zafi ne da ita kamar gindin murhu, samanta ja. Nan ma gidaje ne ba iyaka, amma ko katanga ɗaya babu. Kowane gida fata ce mai laushi ta rufe shi, wani dogo, wani shimfiɗaɗɗe, wani yana sauya siffa yana tafiya. Babu babbar randa, babu koren murhu. Duk sun jeru a bakin wani jan kogi da ya kusa tsayawa, suna jiran abin da zai kawo musu su ci. Suka yi masa sannu da muryar gajiya. Cindo ya taɓe baki ya wuce. A ransa ya ce, “Ga su nan, baƙin da suka kafa bukkoki a ƙafar matata. Ba gini, ba girki, sai zaman jiran na wani.”

Yana neman inda zai fara da su, sai ya hango wani abu yana ƙyalli a ƙasan kwarin. Ƙasa ta uku ke nan, wasu 'yan gidaje ne ƙanana, ba su fi akurkin kaji ba in an gwada da gidajen Birnin Kore, zagayayyu, launin zinariya, sun taru curi-curi. Kuma ga katanga! Ba zare ba ce irin ta can, wani danƙo ne da aka ɗaure shi kamar raga, ba a ganin inda aka fara balle inda aka ƙare. Zuciyar Cindo ta yi fari. Ya ce, “Yauwa, ga masu gari.”

Wani ɗan dunƙulallen mutum ya mirgino gabansa ya faɗi ya yi gaisuwa. “Barka da zuwa, mai yatsu shida, labarinka ya riga ka. Ni ne Sarkin Tsaga. Dubi abin da marasa katanga suka yi mana. Kullum sai sun turo fararen dakarunsu sun fasa mana gida.”

Ya nuna masa wani gibi a katanga, baki buɗe. Shi kuwa Cindo, a duniya ba abin da ya tsana kamar ya ga katanga da gibi. Hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Bai leƙa ciki ba, bai tuna da Tsohuwa ba, bai tuna da Magajiya ba. Ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu cikin kwami, ramin cuɗinsu, ya toshe gibin tsaf. Bai tsaya nan ba, har ya koya musu yadda ake sarƙa ɗauri ya hau kan ɗauri don kada ya ƙara tsagewa. Kai, Cindo!

Yana ɗaga hannu, gidan ya ja sabuwar katanga ta tsakiyarsa, ya rabu biyu. Biyun suka zama huɗu, huɗu suka zama takwas, kowanne da irin ɗaurin da ya koya musu. Zinariya ta fara malala tana cin kwarin, gidajen fata suna narkewa a gabanta. Sai sama ta yi wata irin ƙara, doguwa, mai ban tausayi. Cindo ya san muryar. Nishin Tabawa ne.

Bai gama juyawa ba wani farin ƙato marar siffa ya kwararo ta bayansa, ya miƙo hannuwa ta ko'ina, ya lulluɓe shi ya haɗiye. Cindo ya tsinci kansa a cikin ɗaya daga gidajen da ya raina, ruwa mai zafi yana taruwa a ƙafarsa. Murya ta cika gidan: “Ni ne Barde Fari, mai tsaron ƙasar nan. Kwana bakwai muna fasa katangar nan, 'yan'uwana dubu sun mutu a kanta, ka zo ka gyara ta kafin a sha ruwa. Yi addu'arka ta ƙarshe.”

Cindo ya ɗaga ido zai yi salati, sai ya ga ɗaki. Ɗaki mai bango biyu, irin wanda ya gani a Birnin Kore, littafi a killace a ciki. Gabansa ya faɗi. Ya ce, “Don girman Allah, bar ni in duba littafin nan kafin in mutu.” Ya ja jiki ya leƙa ta wata kafa. Bai san rubutun ba, amma ɗan yatsansa na shida ya bi layi ya karanta masa. Ga wushiryar Tabawa. Ga ɗan gajeren yatsanta na ƙafar hagu. Ga yadda kumatunta ke loɓawa in za ta yi masa tsiya. Cindo ya fashe da kuka kamar yaro.

“Wannan ai matata ce.”

“Kowane gida a ƙasar nan littafin da ke ɗakinsa ke nan,” in ji Barde. “Mu ne ita.”

“To, don me ba ku da katanga?”

“Ya kai ɗan Adam, da muna da katanga, da matarka itace ce. Da ba ta lanƙwasa gwiwa ba, da ba ta yi dariya ba, da ba ta taɓa tako zuwa wurin aikinka da akushi ba. Mutanen Birnin Kore an ba su katanga da murhun rana domin a tsaye za su rayu wuri guda. Mu an hana mu duka biyun domin mu tafi mu nemo. Kowa da abin da aka ba shi.”

Cindo ya ji ƙarfin Barde yana raguwa, don tun da kogi ya toshe ba abin da ya shiga cikinsa. Ya ciro dunƙulen zaƙin Magajiya ya miƙa. “Ci wannan, ka tofar da ni. Ni na gyara, ni zan ɓata.” Barde ya ci, sa'an nan ya buɗe gefensa ya fitar da shi.

Wannan karon da Cindo ya isa wurin gidajen zinariya, sai ya durƙusa ya leƙa ciki tukuna. Ba randa, ba murhu, ba ɗaki ko ɗaya. Littafinsu wani zare ne a cukurkuɗe, bakinsa haɗe da gindinsa, yashe a tsakar gida ana tattaka shi. Kuma abu ɗaya ne a rubuce daga farko har ƙarshe: ci, gina, rabu biyu. Duk da haushin da yake ji, sai da ya jinjina musu. Ɗan wannan abu, ba ɗaki ba kaya, ya durƙusar da ƙasa guda!

Sarkin Tsaga ya mirgino, yanzu da dubbai a bayansa. “Mai yatsu shida, ba mu taɓa ganin wanda Fari ya haɗiye ya fito ba. Yaya aka yi?”

“Na yi masa ɗaci,” in ji Cindo. “Na dawo in ƙarasa aikina. Ɗaurinku ya yi, amma cuɗinku da saura. Ga wani gari da nake ƙarawa, in kuka yi gini da shi, ba mai ƙara fasa muku katanga daga waje.”

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Aka kai shi babban kwamin da duk gari ke ɗiban cuɗi. Ya juye gorar, ya ɗauki sanda zai juya.

“Dakata.” Sarkin Tsaga ya zagaya shi a hankali. “Ɗazu da hannu ka cuɗa. Mun ji an ce Cindo bai taɓa yarda da cuɗin da bai damƙa ba. Yau me ya kawo sanda? In garin nan na alheri ne, sa hannunka. In ba ka sa ba, za mu kwashe kwamin nan mu zubar, mu haƙa sabo.”

Cindo ya dubi hannunsa. Shekara talatin da huɗu. Soraye da zauruka da masallatai, duk daga tafin nan suka fito, kuma ba shi da wata sana'a sai ita. Ya so hannun nan, ba ƙarya, ya so shi ƙwarai. Sama ta sake yin nishi, wannan karon a hankali, kamar mai nishin ta gaji. Ya jefar da sanda, ya ce bismillahi, ya nutsa hannu har gwiwar hannu.

Sanyi ya ratsa shi har ƙashi. Ya cuɗa, ya juya, ya damƙa, ɗan yatsansa na shida yana gaya masa cewa cuɗin nan mushe ne, shi kuwa ya ɗaga kai ya ce, “Ya yi.” Karo na farko ke nan da ya faɗi haka a kan ƙarya. Ya ɗebo ya ja musu katanga da kansa, kuma wallahi ko a Tudun Makuba bai taɓa yin mai kyanta ba, sumul, ba tabo. Gari ya ɗauki sowa. Kowa ya ruga kwami ya ɗiba, kowane gida ya fara jan katangar tsakiya don ya rabu biyu.

Cindo ya koma gefe yana jira, don Magajiya ta riga ta koya masa abin da zai faru. Ɗaurin ya ƙi kamawa. Ruwan cikin gidajen ya tura, katanga ta kasa tarewa. Na farko ya kumbura ya fashe, fus! Na biyu, na goma, na dubu, har kwarin ya cika da ƙara kamar ana soya gurjiya. Sarkin Tsaga ya buɗe baki zai ce wani abu, tsakiyarsa ta riga ta fara rabuwa, ya tarwatse. Ƙurar garin gorar ta bi iska ta sauka a kan mutanen Tabawa, ba ta sami katangar da za ta ɓata ba, ta zame ta faɗi. Ta taɓa gefen Birnin Kore, ta tarar da zare ba danƙo ba, ta bar shi. Barde Fari da sauran dakaru suka kwararo suna share abin da ya rage. Can sai toshiyar jan kogi ta ɓalle, ambaliya ta taso ta ɗauke Cindo, ta yi waje da shi ta ƙofar da ƙaya ta buɗe.

Ya farfaɗo a ƙasa gaban gadon Tabawa, ana kiran la'asar, rigarsa a yage ta gefe. Ganyen gwanda ya yi yaushi ya zame, ciwon ya fashe yana zubar da ruwa. Tabawa ta buɗe ido ta ce, “Malam, ina ka shiga tun safe? Ji nake kamar an sauke mini dutse daga ƙafa.” Sai ya kama diddigen yana wankewa.

Da safe likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce alhamdulillahi magani ya samu hanya, a ci gaba da allura har a cika kwanakinta, maganar yanka kuwa a bar ta. Cindo ya yi masa godiya.

Bayan sati biyu ya koma wurin gini shi kaɗai. Ya cuɗa ƙasa mai kyau, ya ɗora tubali uku. Kafin ya miƙe sun zube kamar garin tuwo. Ya sake, suka sake. Ya zauna ya yi kukansa ya ƙoshi, sa'an nan ya je ya tara magina ya ce hannunsa ya yi ginin ha'inci sau ɗaya, kuma sun san rantsuwarsa. Suka yi ta tambaya a ina, wace katanga, ya ce ta riga ta faɗi.

Ya samu ɗan fili a bakin rafi ya fara lambu. Ƙasar da ba ta kamawa, ashe ita shuka ke so, gwandarsa da zogalensa har daga wasu garuruwa ake zuwa kallo. Sau da yawa akan same shi ya ɗaga ganye yana duban rana ta cikinsa, yana yi wa wasu da ba a gani barka da aiki. Kuma tun daga lokacin, in ya shiga gari, mutane yake fara gaisarwa.

Ranar da gwandar farko ta nuna, yana cikin ban ruwa da azahar, sai ya ji sallama. Tabawa ce da akushi a ka, karo na farko da ta tako da kanta tun ranar ƙaya. Ta ratso ta cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta sauke a gindin gwanda. Ta ga bai dubi akushin ba, bai dube ta ba, ya zuba wa ƙasa ido ta bayanta.

“Malam, tuwo zai huce. Me kake kallo haka?”

“Sawunki.”

Kumatunta suka loɓa. “Yau ka fara ganin sawu?”

Cindo ya durƙusa, ya sa hannun nan mai yatsu shida a cikin sawun hagu, inda diddige ya nutse sosai a ƙasa.

Ya ce, “Biyu ne, Tabawa.”